Agogon Kyaftin

"Daga ina kake?" Auta ta tambayi mijinta, tana riƙe da hannunsa na hagu.

"Daga aiki mana, Autata. Ba ki ga kayan jikina ba?"

Ta gani. Farar riga, hula, da jakar da yake ja. Amma ita agogon take kallo. Tun da suka yi aure, duk sanda Kyaftin ya sauke jirgi ya dawo gida, agogonsa na kan lokacin ƙasar da ya kwana. Ita ke cire shi ta gyara masa tun kafin ta kawo ruwa. Yanzu kuwa tafiya bayan tafiya, daidai yake da na bangon falo.

"Wa ke gyara maka shi?"

Ya yi 'yar dariya. "Kishin har ya kai kan agogo?"

Ita ba ta yi dariya ba. Ga shi ya rame, abinci sai ya tsakura, waya na shigowa ya fice baranda. Ta kai kukanta wurin yayarta.

"Ke Auta, masu babban albashin nan sai da sa ido," in ji Yaya. "Nawa lauya ne, na san halinsu. Bi shi ki gani."

Da ya sake shirin tafiya, ta bi shi a tasi. Motarsa ta wuce kwanar filin jirgi ba ta shiga ba. Asibiti ta tsaya.

A ɗakin masu ciwon zuciya ta same shi, an manna masa wayoyi a ƙirji, hular na kan kujera.

"Sun hana ni tashi," ya ce, bai iya kallonta ba. "Na faɗi gwajin lafiya."

"Shi ne ka bar ni ina zarginka da wata?"

"Gara hakan... Ranar da na zo nemanki, Abbanki aikina ya fara tambaya kafin sunana. Surukansa lauya, likita, injiniya. Ni ɗan mai faci ne, Auta. In an cire hular nan, wa zan zauna kusa da shi?"

"Ni hula na aura?" Ta kifa kanta a hannunsa tana kuka. "Kusa da ni za ka zauna, masoyina."

Bai daɗe a duniya ba bayan nan. Ranar ƙarshe ya ce ta miƙo agogon. Da ƙyar yatsunsa suka murɗa shi zuwa wani lokaci daban, ya ɗaura mata.

"Tafiya ta taso. Ki riƙe min."

Har yau yana hannunta. Kwanaki Yaya ta duba ta ce, "Agogonki ba daidai ba, kawo in gyara miki."

Auta ta rufe shi da tafin hannunta.

"Bar shi, Yaya. Sai ya dawo nake gyarawa."