Akwatin da Injiniya Ya Aiko

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da kowane yammaci ba. Rana ta faɗa bayan tankin ruwa, inuwa ta cinye tsakar gida, Baba Tafireta yana zaune a kujerarsa ta roba da kwali a cinya, ya rungume shi kamar an miƙo masa jika. Tafireta ake ce masa don ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga wa mutane takardu, daga baya ya koma kwamfuta, daga baya wayar hannu ta kashe sana'ar, ya rufe shago ya dawo gida da ciwon baya.

'Ya'yansa biyu. Babban namiji ne, ya tafi ƙasar waje tun uwarsu na da rai, ko jana'izarta bai zo ba. Shi ne Injiniya a bakin Baba, ko da yake ba wanda ya taɓa ganin abin da ya ƙera. Ƙaramar ita ce Auta, tana aiki a kantin magani, ita ke ciyar da gidan, ita ke shafa wa tsohon man zafi a baya. Ita sunanta a bakinsa "Ke".

To, kwalin nan Injiniya ne ya aiko. Na'urar wasa ce, irin wadda ake haɗawa da talabijin a buga ƙwallo da yatsu, duk jikinta ya goge, da gani an more ta an gaji. Ɗan saƙon ya ce an ce a ba yara. Gidan kuwa babu yaro ko na magani. Injiniya ya manta ƙanwarsa ta girma. Baba ya yi kamar bai ji ba, ya zagaya layin kaf yana shelar ɗansa ya tuna da shi.

Talabijin ɗinsu wuta ta ƙone ta tun bara. Sai Baba ya tuna da tsohon allon kwamfutarsa na shago, mai ƙatuwar ƙeyar nan, yana can ɗakin ajiya ƙarƙashin tsummokara. Auta ta ce ya bari sai da safe, magariba ta yi, ɗakin kuma ba fitila. Ya ce tun ba a haife ta ba yake shiga duhu. Ya banka ƙofa, ba sallama ba bisimilla, ya jawo allon yana nishi. Wani ɗumi ya taso daga ƙeyar allon, kamar wurin da wani ya tashi yanzu-yanzu. Baba ya ce zafin rufin kwano ne.

Sai aka zo haɗawa, abu ya ƙi. Wayar allon mai shuɗin kai ce, da kusoshi biyu da ake murɗawa. Ta na'urar kuwa siririya ce mai faɗin baki. Baba ya tura, ya juya, ya hura, ya zagi wanda ya ƙera, wayar ba ta shiga ba. Washegari Auta ta biya wajen masu gyaran waya ta samo wata 'yar mahaɗa, wannan baki ya shiga ta nan, wancan ya fita ta can. Ta durƙusa a bayan tebur da kayan aikinta a jiki, ko ruwa ba ta sha ba, ta ɗaure kusoshin, ta kunna.

Hoto ya fito. Fili kore shar, 'yan mutane suna gudu a kai. Amma shiru. Ta gaya masa allon kwamfuta irin wannan ba shi da lasifika, hoto kawai yake ɗauka, murya sai an nema mata hanya daban. Baba ya ce da Injiniya ne da tuni ya gama.

Auta ta tsaya a durƙushe, kanta a sunkuye. Can a cikin allo alƙalin wasa ya kai usur bakinsa, sai ƙarar usur ɗin ta fito daga maƙogwaron Auta.

Ni da kuke gani na sha zama da aljanu, akwai ma wanda ya taɓa roƙona in koya masa tuƙin keke, amma murya ta ɓace a waya ta ɓullo a bakin mutum, wannan sai a gidan Tafireta.

Daga ranar gidan ya canza. Da rana lafiya lau, Auta ta je aiki ta dawo, sai dai ba ta magana. Da inuwa ta kai bakin tanki, sai duwatsu su fara sauka a kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. A leƙa waje, ba kowa. Allon ya kunna kansa ko an zare shi daga bango. Auta ta zo ta zauna a gabansa, ido a kafe, ta buɗe baki, ihun dubban 'yan kallo ya cika ɗakin. Abinci ya daina shiga cikinta. Wuyanta ya zama kamar na kaza. Matar tela ta maƙwabta ta ce in ba a yi wani abu ba yarinyar nan ba za ta ga ƙarshen wata ba, ita ce ma ta je ta ɗauko malamin ruƙiyya, don Baba yana ta cewa matsalar waya ce.

Malamin dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya zo daidai lokacin da dutsen farko ya sauka. Ya sa aka zaunar da Auta, matar tela ta riƙe kafaɗunta, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Hasken allo ya yi kore a fuskokinsu. Ihun 'yan kallo ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, ya mutu. Sai wata murya ta fito, ta tsohuwa, a shaƙe.

"Ya isa, malam. Kana ƙona ni."

Ya tambaye ta ko wace ce, da abin da ya kawo ta. Ta ce ita ba baƙuwa ba ce, tun da aka rufe shago take zaune a ƙeyar allon nan, ba ta taɓa taɓa ko cokalin gidan ba. Ta ce maƙwabciyarta ɗaya ce, wannan yarinyar, da ke shigowa ɗakin ajiya da magariba ta yi kukanta a tsummokara don kada tsoho ya ji, ta share ido ta fita ta ɗora masa tukunya. Suna zaman lafiya. Sai ga shi an fizgo ta ba sallama, an cusa mata wuta da 'yan ƙwallo a ɗaki. Ina za ta? Ta shiga inda ta sani.

Malam ya ce zalunci ne, ta fita. Ta ce za ta fita, amma ba za ta kwana a titi ba. A ba ta baƙin akwatin nan da aka aiko, a kai shi bayan gari a ajiye mata, ta koma ciki, ita da gidan har abada.

Malam ya juyo ya dubi Baba. Matar tela ma ta dube shi. Abu ne na buɗe baki a ce ɗauki.

Baba ya dubi na'urar. Shekara da shekaru yana jiran ko da hula daga hannun ɗansa, ga abin da ya zo, kuma duk layin an san ya zo. Ya ga kansa gobe a bakin shagon tela ana tambayarsa ina kayan Injiniya. Duwatsu suka tsaya. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin tanki yana ɗiga.

"Malam," in ji shi, "tambaye ta mana, ko za ta karɓi allon? Ai shi ta saba da shi."

Aljanar ta yi dariya, doguwa, mara daɗi, har kafaɗun Auta suna rawa a hannun matar tela.

"Kin ji ko, 'yar nan? Ciniki yake yi." Sai ta juya ga malam. "Na fasa. Ya riƙe akwatinsa, ya riƙe allonsa. Zan fita, kuma kada ka ce karatunka ne. Na shigo ina tsammanin ɗaki ne mai ɗumi, ashe cikin yarinyar nan ya fi titi sanyi."

Auta ta yi atishawa, ta sulale. Allon ya mutu. Malam ya tofa addu'a a ruwa ya ba ta, ya naɗe abin sallarsa. Baba ya bi shi ƙofa yana godiya, malam ya sa takalmi ya tafi bai waiwayo ba.

Mutane suna cewa wanda aljani ya hau ba ya tuna komai. Ƙarya ce, ko dai ba kullum ba. Da Auta ta samu ƙarfi, ta dawo daga aiki wata rana da 'yar lasifika a leda. Ta durƙusa a bayan tebur, ta soka wayar lasifikar a wani ɗan rami da ke gefen mahaɗar, ta kunna. Hoto ya zo, murya ta zo, kowanne ta hanyarsa. Ta ajiye masa man zafi a inda hannunsa zai kai. Jakarta tana bakin ƙofa, ƙanwar uwarta ta ce ta zo.

"Ke, ina za ki?"

"Na gama haɗa maka, Baba. Ga abin dannawa nan."

Bai iya dannawa ba. Yatsun da suka buga takardun rabin gari sun kasa gane maɓallan. Ya kira Injiniya ya koya masa, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Yanzu ba a jifa a gidan. Da magariba, in ka bi ta layin, za ka ji 'yan kallo suna ta ihu a ɗakin Baba Tafireta. 'Yan wasan suna tsaye a tsakiyar fili da ƙwallo a gabansu, suna jiran a danna. Shi kuma yana kujerar roba, yana lanƙwasa hannu ta baya, yana neman inda ke masa ciwo, hannun ba ya kaiwa.