Motar da Ke Ɗauko Mai Shaida

"Yau wannan, gobe wancan," in ji Tsatsa, yana buga sifana a kan bonet. "Wa za mu kama a cikinsu?"

Da rana tsaka ne, a bayan garejin da suke fakewa da gyaran mota. Ogansu na tsare tun fashin gidan mai, shari'a kuma ta kusa kai shi ƙasa. Sun yi barazana ta waya, har sun ƙona motar lauyan gwamnati na farko. Sai ƙungiyar lauyoyi masu gabatar da ƙara ta fito da dabara: ba wanda zai sake riƙe shari'ar shi kaɗai. Ranar zama sai su shigo kotu reras cikin baƙaƙen riguna, wannan ya yi tambaya ya zauna, wancan ya miƙe. Ka kashe wa, ka bar wa?

"Ƙyale lauyoyi, baaba," in ji Kwalba. "Matar nan mai zuba mai ita ta ga fuskar Oga. Jibi za ta ba da shaida. In babu ita, babu shari'a."

"To ina suka ɓoye ta?"

Sitiyari, direbansu, yana ƙarƙashin mota yana jin su, kuma ya sani. Gwamnati ba ta ba lauyoyin mota ba, balle ɗan sanda mai rakiya. Ƙungiyar ta roƙa har bakinta ya bushe. Don haka ɗayansu ne zai ɗauko matar a motarsa, da man aljihunsa. Wannan ɗayan kuwa ƙanen Sitiyari ne, ciki ɗaya.

A bakin Inna ya ji, ranar da ya kai mata sabuwar fanka. Ko kwalin ba ta kalla ba.

"Ajiye can. Ka ji Lauyana kuwa? Duk cikinsu shi aka amince wa. Wata baiwar Allah zai ɗauko daga bayan asibiti ya kai ta kotu. Kar ka faɗa wa kowa fa."

Lauyana. Shi kuwa "wannan yaron" ne, alhali shi ne babba, shi ya bar aji ya shiga baƙin man kanikanci don Lauya ya yi karatu. Hoton Lauya da hular kotu na rataye a falo, kullum Inna na goge shi da gefen zanenta. Mutumin da takalminsa ya cinye ta gefe, amma in ya yi sallama sai Inna ta miƙe har tana tuntuɓe. Kishi ne ke cin Sitiyari, shekara da shekaru, ya kuma san sunan abin da ke cin sa.

Ya turo kansa daga ƙarƙashin motar.

"Daga bayan asibiti za a ɗauko ta. Farar ƙaramar mota ce, fitilar hagu a fashe. Amma ku ji, matar kawai. Direban ku tsorata shi dai, ya jiƙa wando, gari ya ji."

Tsatsa ya washe baki. "Ka gama magana, mutumina."

Ranar shaidar, da safe, titin bayan asibiti ya cika da masu kai yara makaranta. Farar motar ta rage gudu a kan tudun kwalta. Sitiyari ya sha gabanta — ƙiii! Tsatsa da Kwalba suka dira, fuska a rufe, ƙarfe a hannu.

"Fito da ita!"

Ta madubi Sitiyari ke kallo, yana jiran ya ga Lauya ya cika wandonsa da iska. Lauya ya buɗe ƙofa. Bai gudu ba. Ya faɗa kujerar baya, ya danne matar da jikinsa.

Tau! Tau!

Mata suka watse, tiren mai lemo ya kife. 'Yan sandan ƙofar asibiti suka taso, jiniya ta ɗauka. Su Tsatsa suka afko mota.

"Taka!"

Ya taka. Kwana ɗaya, kwana biyu, motar 'yan sanda na manne da su.

"Na ce kar a taɓa shi," in ji Sitiyari.

"Ɗan taurin kai ne, na ba shi biyu a baya," in ji Tsatsa. "Ƙanenka ne, ai mun sani tuntuni. Kai ka sayar da shi, yanzu kuma za ka yi mana kuka?"

Kwalba ya ɗora masa bakin bindiga a ƙeya. "Tuƙa, malam."

Gaba kaɗan tifa ce a tsaye, shaƙe da yashi. Sitiyari bai taɓa kuskuren hannu ba tun da ya fara tuƙi, wannan ma ba kuskure ba ne. Ya saita ta gefen da Tsatsa ke zaune, ya danne totur har ƙasa.

Tsatsa ko shurawa bai yi ba. Kwalba ya rasa ido ɗaya. Matar ta shiga kotu a ranar, mayafinta jina-jina da jinin Lauya, ta nuna Oga da yatsa, lauyoyin nan suna tsaye a bayanta ba wanda ya zauna. Lauya ya rayu, sai dai likita ya ce shi da tafiya da ƙafa har abada.

Sitiyari ya warke a gidan yari. Duk ranar ziyara sai ya zuba wa ƙofa ido. Daga ƙarshe Auta ce ta zo, ƙanwarsu, ta tsaya nesa da wayar shingen da ta raba su.

"Ina Inna?"

"Tana gefen gadon Yaya Lauya. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki."

Ya sunkuyar da kai. Abin kunya, har a nan sai da ya ji kishin ya motsa.

"Ta aiko ni da tambaya ɗaya," in ji Auta. "Ta daina barci a kanta. Ta ce hanyar nan da motar nan, a bakinta ka ji?"

Ya ɗago kai.

"Ki ce mata a'a. Bin sa na yi."

Auta ta share ido da bayan hannu.

"Ta ce in ka ce a'a, in gode maka. Amma ta san ƙarya kake."