Birkin Motar Malam

"Fito daga ƙarƙashin motar nan, Zulaihat! Kin haukace ne?"

Zulaihat ba ta fito ba. Ƙafafunta kawai ake gani a kan tabarma, sai ƙarar sifana tana fama da noti mai tsatsa.

"Suwaiba, in ba za ki miƙo min giris ba, matsa, kin tare min haske."

"Amarya guda kina birgima cikin baƙin mai! Wallahi sai na gaya wa Baba."

"Ki gaishe shi."

A gidan marigayi Malam Yahaya na Gobarau, kakan 'yan matan biyu, akwai ƙa'idoji biyu da aka gada. Ta farko, ba a kai ɗiyar gidan ɗakin miji sai a tsohuwar Fijon Malam. A cikinta aka kai Gwaggo Jummai, a cikinta aka kai Gwaggo Maimuna. Ta biyu, bare ba ya sa mata hannu. Malam da kansa yake gyara abarsa, bayansa kuma mahaifin Zulaihat, har Allah ya karɓi ransa.

Kafin mahaifin nata ya rasu ya ba da Zulaihat ga Sagir, bakanike da ya baro ƙauye ya kafa gareji a birni. Baffanta Alhaji Sammani, mahaifin Suwaiba, bai so haɗin ba, amma ba ya iya tayar da maganar mamaci. Sai ya biyo ta bayan gida. Birkin hannun motar ya daɗe da mutuwa, ƙofar gidan kuwa gangara ce.

"Mota ba ta fita babu birki," in ji shi, "amarya kuma ba ta fita babu mota. A ɗage biki har zuriya ta samu mai gyara."

Ya faɗi haka yana sane babu ɗa namiji a gidan da ya san kan sifana.

Sagir na tsaye daga bakin rumfar motar cikin fararen kaya, hannuwansa a baya.

"Me kike gani, sanyin idona?"

"Wayar birkin ta tsintsinke, ta baje kamar tsintsiya. Ƙusar da ke riƙe sandar ita ma ta cinye, sai lilo take."

"Cire su ki sa sababbin. Kada ki ɗaure notin har ƙarshe. Juya taya tukuna, in kin ji tana gogawa, ki sassauta."

"Wash... ta yanke ni!"

Ya ɗaga ƙafa zai shigo.

"Tsaya nan!" ta daka masa tsawa. "In ka taɓa motar nan, ka sake ni tun ba a ɗaura ba."

Ya koma, idonsa ya yi ja.

"Jininki ne ke zuba, Zulai..."

"Nawa ne. Ci gaba da bayani."

Rana ta karkata lokacin da Alhaji Sammani ya shigo, Suwaiba na biye da shi. Ita ce ta taɓa aika wa Sagir turare, ya mayar mata da godiya kawai, kuma ba ta manta ba.

Sagir ya durƙusa. "Barka da yamma, Alhaji. Ya gajiya? Ya iyali?"

Alhaji bai amsa ba.

"Shi ya yi aikin, Baba," in ji Suwaiba. "Da idona na gani!"

Zulaihat ta jawo jiki ta fito, ta miƙe, ta shimfiɗa tafukanta a gabansa, baƙi ƙirin, jini na bin ɗan yatsa.

"Baffa, ga hannuna, ga rigarsa. A duba wanda ya shiga."

Alhaji ya dubi farar shaddar Sagir, ko ɗigo babu.

"Ba a taɓa yi ba," ya ce da kakkausar murya. "Mace ba ta taɓa kwanciya a ƙarƙashin motar Malam ba."

"Bare Malam ya hana, Baffa. Ni bare ce?"

Ya juya ya dubi motar. Can ya ce, "Gyara ba a baki yake ba. A fitar da ita gangara."

Matan gida suka tura ta zuwa ƙofa, aka tokare taya da dutse. Zulaihat ta shiga ta ja birki, ya yi ƙara ya kama. Ta fito, ta zagaya ƙasan gangarar, ta tsaya ƙyam a gaban motar, bango a bayanta.

"A cire dutsen."

"Zulai, don Allah!" muryar Sagir ta karye.

"Ke! Kauce daga nan!" Alhaji ya yi tsawa.

"In aikina bai riƙe mota ba, Baffa, babu amaryar da za a kai. Suwaiba, ke kika ga komai da idonki. Cire!"

Suwaiba ta ja da baya. Gwaggo Jummai ce ta yi bisimilla, ta shure dutsen da ƙafa.

Motar ta ɗan yi ƙugi, ta sunkuya kaɗan... ta tsaya cak.

Sai a lokacin aka lura Alhaji Sammani ya riƙe ƙofar motar da hannu biyu, hularsa a ƙasa, yana ja da iya ƙarfinsa.

"Saki, Sammani," in ji Gwaggo. "Ba kai ka riƙe ta ba."

Ya saki a hankali. Motar ba ta motsa ba.

Ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya daɗe yana kallon ɗiyar ƙanensa. Sannan ya juya ga Sagir, wanda har yanzu hannuwansa ke baya, ya amsa gaisuwar ɗazu.

"Lafiya lau, Malam Sagir. Iyali lafiya." Ya gyara murya. "Ranar da aka sa tana nan. Ka shaida wa mutanenka kada su zo da direba. A gidan nan waliyyi ne ke tuƙa amarya."

Gwaggo ta rangaɗa guɗa.

Zulaihat ta ratsa ta gefen Sagir, ta yi ƙasa da murya.

"Jeka ka kawo magani, angona. Yanzu yatsan ya fara zafi."