Koren Biron Barista Zadok

Da hantsin Litinin katafila ta tsaya a bakin filin masu bandar kifi na Rumde. Hajja Na'inna, shugabar matan, ta shimfiɗa tabarma a gaban tayoyin ta zauna abinta.

"Ka bi ta kaina," ta ce wa direban. "Shekara goma sha biyu ke nan da Barista ya ba mu wurin nan."

A haka Sifeta Selina ta same su. Wani ɗan kasuwar Jimeta, Celestine, ya miƙa mata takarda yana share gumi. Takardar ta ce Barista Zadok ya sayar masa da filin bara, ga sa hannu da koren biro, ga sunan ɗansa Apollos a wurin shaida.

Waye bai san Barista Zadok ba? Ya yi lauya, ya yi ciyaman na ƙaramar hukuma, ya sauka ya koma sayar da siminti ba tare da ya gina ko bene ɗaya ba. Yanzu shanyewar jiki ta kwantar da shi wata takwas, baki ya mutu. Duk wanda ya shirya wannan ya san mutumin ba zai iya musu ba, kuma abin da ya fi ƙona wa Selina rai ke nan.

"Hannu da hannu ya ba ka?" ta tambayi Celestine.

"Madam, ni ban gan shi ba. A waya wani ya ce shi ne wakilinsa. Mai keke ya kawo takarda."

Kwaɗayi ne da wauta, amma Selina ba ta ga dabarar jabu a tattare da shi ba.

Ta wuce gidan Barista a Demsawo. Apollos ya dubi takardar ya yi tsaki.

"Sunana ma ba su iya rubutawa ba. Kuma bara duka ina Fatakwal, ga takardun aikina."

Mahaifiyarsa Edna ta karɓa ta sa tabarau. Dariyar takaici ta ƙwace mata.

"'Yata, kore? A kansil ɗin nan ciyaman kaɗai ke sa hannu da kore. Ran da ya sauka ya bar biron a kan tebur, ya ce na kujera ne, ba nasa ba. Shekara goma sha biyar ko rasit bai taɓa cikewa da shi ba."

Ta fito da takardun shago da na kotu, duk baƙin biro. Sa hannun ma ya gajarce da tsufa, ya daina jan doguwar jelar da ke jikin takardar Celestine.

Selina na kan hanyar sakatariyar ƙaramar hukuma shugabanta na ofis ya kira. Maganar fili ce, in ji shi, ta bar wa kotu, akwai manya a ciki.

"Ranka ya daɗe, maganar jabu ce," ta amsa. "In za a canza mini wurin aiki, a bari sai la'asar."

Mabuɗin ɗakin tsofaffin fayiloli a hannun mutum ɗaya yake, Malam Hammanjoda, akawun da ya yi aiki da ciyamomi shida. Ya tarbe ta da fara'a.

"Kun san Barista sosai?"

"Baaba Zadok? Ai ni ne mai kai masa fayil."

"Da wane biro yake sa hannu?"

"Kore mana! Har gobe."

"Yaushe rabonka da ganin rubutunsa?"

Hammanjoda ya gyara hula. Selina ta sa ya ciro fayilolin zamanin Barista. Ɗaya ne kawai babu ƙura a bayansa. A ciki ta sami wata wasiƙa da aka danne sa hannunta da tsinin fensir har ya huda. Ta ɗora takardar Celestine a kai ta ɗaga su ga hasken taga, sa hannun biyu suka hau juna ba bambanci.

"Matarsa, ɗansa, masu sayen siminti, duk baƙin biro suka sani," ta ce. "Wanda bai san shi ba sai a kujera, shi ne zai ɗauko kore. Ba ni wayarka."

Lambar Celestine na ciki sau goma sha tara.

"Mutumin da ba ya ko magana," Hammanjoda ya ce a hankali. "Me zai yi da fili?"

Da la'asar aka janye katafila. Hajja Na'inna ta naɗe tabarmarta, ta cika faranti da bandar tarwaɗa, ta ce sai Selina ta raka ta Demsawo. Ta durƙusa kusa da gadon Barista ta ɗaga murya.

"Baaba, sun zo, ba mu tashi ba. Muna nan inda ka ajiye mu."

Tsohon ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya dunƙule shi, ya buga katifa sau ɗaya.