Gangar Baba Sila

Ranar Talata ce da hantsi, cikin kakar shekarar 2006, Baba Sila ya shigo caji ofis na Zuru yana tafiya irin ta fareti, duk da ƙafarsa ta hagu ta daina ba shi haɗin kai. Tsohon sajan ne na soja. Bai tsaya a kanta ba, kai tsaye ya wuce ofishin Sufeto Zakiyyu.

Shi Sufeto Zakiyyu mutumin Argungu ne, dogo, mai sanyin murya. Ba ya tsawa, ba ya gaggawa. In yana tambayarka, sai ka ɗauka hira kuke yi.

"Ofisa, an sace mini ganga."

"Sannu Baba, zauna tukuna. Ganga wace iri?"

"Ba irin wadda ka sani ba."

Ai kuwa Sufeto ya san labarinta, don duk Zuru babu wanda bai sani ba. Gangar lantarki ce, Baba Sila ya zo da ita daga Laberiya da ya gama aikin kiyaye zaman lafiya. Girmanta bai wuce babban tire ba, baƙa, da fuskokin roba zagaye-zagaye a samanta. Ka bugi wannan ta yi ƙarar babbar ganga, ka bugi waccan ta yi ta kuge. Ka danna maɓalli ɗaya, duk muryoyin su canja. Da batir take aiki, mutum na iya saƙale ta a hammata ya tafi inda ya ga dama.

Baba Sila ba makaɗi ba ne, sha'awa ce kawai. Da yamma yakan fito da ita gindin mangwaro ya yi ta bugawa, masu dawowa daga gona su tsaya da kaya a ka suna kallo.

"Ran Lahadi muna coci aka ɗauke ta," in ji shi. "Na jira ko wanda ya ɗauka zai ji kunya ya mayar. Bai mayar ba."

"Ke nan akwai wanda kake zargi."

"Ba zargi nake ba. Ebenezer ne. Ban da ni, shi kaɗai ke taɓa ta."

Ebenezer saurayin 'yarsa Theresa ne, kuma golmo yake yi masa. A ƙasar Zuru, saurayi yakan yi wa uban yarinya noma damina bayan damina kafin a ba shi ita. Baba Sila mutumin coci ne, amma wannan al'adar bai sake ta ba.

"Kakar nan ce ta ƙarshe," ya ce. "In an gama girbi za a ba shi yarinya. To ni ba na ba ɓarawo 'yata. Gumin da ya zuba a gonata, ya zuba a banza."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Mu je in ga ɗakin."

Ƙofar ɗakin lafiyarta ƙalau, ba a ɓalle komai ba. Makulli a saman ƙofa ake ajiye shi, kuma duk wanda ya taɓa zama a tsakar gidan ya ga inda ake sa hannu a ɗauko.

Sufeto ya tsaya yana duban teburin da gangar ke zama. A jikin bango, dab da teburin, ga sandunan kiɗa guda biyu miƙaƙƙu a rataye.

"Waɗannan nata ne?"

"Nata ne. Tare suka zo."

"An ɗauki ganga an bar sanduna," Sufeto ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake. "Baba, su wa suka taɓa zuwa kallonta?"

"Ka ce su wa ba su zo ba! Fasto ya zo. Matan zumunta sun zo. Har Arzika, makaɗin da ke yi wa 'yan golmo kiɗa a gona, ya biyo ni gida ya tsuguna nan ya ƙi tashi. Wai in ba shi ya gwada. Na ce a'a, ba fatar akuya ba ce."

Theresa na tsaye a bakin madafi, ta riƙe ludayi ba ta san ta riƙe ba.

"Yallaɓai, ba shi ba ne," ta ce. "Ebenezer ko goro bai taɓa ɗauka a gidan nan ba."

"Koma ciki," in ji ubanta.

Daga nan Sufeto ya hau babur tare da Kofur Solomon suka nufi gonar Baba Sila, can gindin dutse. Suka tarar da Ebenezer shi kaɗai yana yankan dawa, ba riga, gumi na bin bayansa. Yana ganin kakin 'yan sanda, lauje ya kusa suɓuce masa.

"Sannu da aiki, samari. Ka ji an sace gangar Baba?"

"Na ji, oga."

"Ka gan ta?"

"Ban gan ta ba, oga."

Bakinsa na cewa bai gani ba, idonsa kuwa na zuwa kan bukkar gona yana dawowa. Sufeto ya taka zuwa bukkar, ya sunkuya ya shiga. Ƙarƙashin karan dawa ya jawo wani buhu. Gangar na ciki.

Amma ba kamar yadda aka san ta ba. Fuskokin robar sun kumbura sun yi ƙuraje, wasu sun lotsa.

Ebenezer ya durƙusa. "Oga, na yi ƙarya. Yau da safe na same ta a nan, haka yadda ka gan ta. Na san Baba ya riga ya ce ni ne. In na kai masa ita a lalace, wa zai yarda da ni? Na so in kai wa mai gyara tukuna."

"Da ka faɗi haka tun farko, da ya fi maka," in ji Sufeto. "Yanzu dole ka bi mu."

Kafin azahar labari ya gama gari: an kama surukin Baba Sila da kayan sata. Baba Sila ya zo caji ofis, ya kalli gangar, ya kalli yaron a bayan kanta, ya ce, "Na faɗa," ya juya ya tafi.

Da wani ɗan sandan ne, da nan zai rufe fayil. Sufeto Zakiyyu kuwa sai ya ɗauki buhun ya nufi kasuwa, rumfar Lawwali mai gyaran rediyo.

Lawwali ya buɗe bayan gangar ya zazzage baturan, ya ɗora ɗaya a harshe da 'yar waya.

"Sun mutu murus, Yallaɓai. Wani ya buga ta har ya shanye su."

"In sun fara mutuwa, ya take yi?"

"Murya ta shaƙe, ta yi ƙasa, kamar mai mura."

Ya zuba sababbi ya kunna, ya ɗan taɓa fuska ɗaya da yatsa. Kai! Sai ga ƙara ta fito, mai kauri, har gwangwanayen da ke kan tebur suka amsa. Ya taɓa ta gefe, ta yi wani tsit-tsit mai daɗi. Mai nama ya baro tukubarsa, 'yan acaba suka kashe babura suka matso.

"Ikon Allah," in ji wata mai tallar gyaɗa. "Duk wannan a cikin tire ɗaya?"

"Da ranta," Lawwali ya ce yana dariya. "Fuska biyu ne suka tafi. Sauran sun ji jiki dai."

Sufeto ya sunkuya ya sansana robar. Warin hayaƙin ciyawa. Ya juya gangar: bayanta sumul, ko tabo babu. Fuskokin kaɗai wuta ta taɓa, kuma ta taɓa su daidai wa daida, ta kowane gefe. A kan robar da ta yi laushi akwai 'yan ramuka masu lanƙwasa, ba irin shaidar da miƙaƙƙen sanda zai bari ba.

"Lawwali, wa ke sayen wa Baba Sila batir?"

"Ebenezer mana. A nan yake saye. Shi ne ma ya nuna mini yadda ake buɗe ta."

"To wanda ya san ciwonta batir ne, me zai kai shi wurin wuta?"

Lawwali ya ɗaga kafaɗa.

Sufeto ya dawo ofis ya zauna, gangar na gabansa. Can sai ya tuna da ƙuruciyarsa a bakin gulbi, safiyar sanyi, makaɗa na shirin yi wa masunta kiɗa. Ya yi murmushi ya kira Kofur Solomon.

"Gobe ina 'yan golmo ke aiki?"

"Gonar wani dattijo, hanyar Dabai, Yallaɓai."

"Da sassafe za mu je."

Washegari raɓa ba ta bushe ba suka isa. Samari na ta wasa laujuna suna tsokanar juna. A gefe, wani mutum siriri mai furfura a gemu ya tara busasshiyar ciyawa ya kunna. Ya buga gangarsa ta fata, ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, sanyi ya sa ta saki. Sai ya kara fuskarta kusa da wutar yana juyawa a hankali, yana shafawa da tafin hannu. Ya sake bugawa. Murya ta tashi tas.

Sufeto ya daɗe yana kallo, don abin gwanin sha'awa ne. Sannan ya matsa ya tsuguna kusa da shi.

"Malam Arzika, barka da asuba."

"Ranka shi daɗe, barka kadai."

"Hannunka ya san aiki. Kullum haka kake yi mata?"

"In ta yi sanyi, sai an gasa. Haka munka gada."

"Kowace irin ganga?"

Hannun Arzika ya tsaya cak a kan fatar.

"Ban gane mi kaka nufi ba."

"Gangar Baba Sila nake nufi. Ka taɓa buga ta?"

"Ni? Ai ko taɓawa bai bari na yi ba. Tambaye shi."

"Ran Lahadi da safe kana ina?"

"Ina Sakaba, wurin suna."

"Sunan wa? Kofur zai hau babur ya je ya yi musu barka."

Arzika ya mayar da idonsa kan wutar.

"Ara mini gularka in gani," in ji Sufeto.

Gula ita ce lanƙwasasshen sandan da makaɗa ke bugun ganga da shi. Arzika ya miƙa masa. Sufeto ya ɗaga ta cikin hasken rana. A kan bakinta, wani baƙin abu ya manne ya bushe. Ya kankara da farce, ya miƙa wa Arzika a tafin hannu.

"Fatar akuya ba ta barin roba a jikin gula, Malam."

Arzika ya sunkuyar da kai.

"Wallahi ba don in sayar ba," ya ce. "Tun ina yaro nike kiɗi, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ganguna goma cikin ciki guda! Tun ranar da na ji ta, ko ina tafiya ita nike ji. Na roƙi Sajan, ya hana. Na ce bari in ɗauka suna coci, in buga sau ɗaya in maido kafin su taso."

"Sai me ya faru?"

"Na kai ta bayan dutse. Ranka shi daɗe, ban san rana ta faɗi ba. Na buga mata kiɗin noma, ta amsa. Na buga na farauta, ta amsa. Wanshekare na koma, sai na ji muryarta ta mutu. Na ce sanyi ne ya kama ta. Na hura wuta na gasa ta kamar yadda nike yi ma tawa. Na buga in ji ko ta tashi, sai gula ta nutse ciki."

"Shi ne ka kai ta bukkar gona."

"Gonar mai ita ce. Na ce shi zai tsince ta."

"Jiya ka ji an kama Ebenezer?"

Arzika ya kau da kai.

"Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"Yaron da kake yi wa kiɗa yana noma. Ka san abin da zai rasa, ka kwana ka tashi ka zo nan kana gasa ganga." Sufeto bai ɗaga murya ba. "Son kiɗa ba laifi ba ne, Malam Arzika. Wannan shirun shi ne ya fi satar muni. Tashi mu tafi."

A caji ofis aka aika aka kira Baba Sila. Ya zo, Theresa na biye da shi duk da ya ce ta zauna a gida. A gabansu Arzika ya maimaita komai, bai rage ba.

Baba Sila ya saurara har ƙarshe. "Wuta," ya ce. "Ka gasa mini ganga kamar masara."

"Ka yi haƙuri, Sajan. Abin da na sani ke nan."

Kofur Solomon ya kama hannun Arzika ya nufi ciki da shi. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Ebenezer ana fito da shi. Arzika ya kasa kallonsa, ya wuce kai a ƙasa, aka rufe ƙofa.

Ebenezer ya tsaya a tsakar ofis, rigarsa a yamutse, bai san inda zai sa idonsa ba. Theresa ta toshe baki da gefen zani. Kowa na jiran tsohon.

Baba Sila ya yi gyaran murya, ya gyara tsayuwa. Ya dubi yaron sama da ƙasa, kamar yana duba kurtu a fareti.

"Ka ci abinci?"

"A'a, Baba."

"Theresa, wuce gida ki ɗora masa tuwo." Ya juya zai fita, sai ya tsaya a bakin ƙofa, bai waiwayo ba. "Dawar nan ba za ta yanke kanta ba. Ka gama mini ita da wuri, ina da biki a gabana."