Lamba ta Bakwai a Gwangwanin Dragutin

Da ƙarfe biyar na yamma na fita farfajiyar tashar lantarki don in cire kwaɗo daga babban makunnin layin da ya ƙetara iyaka. Ƙa'ida ta ce kada a cire shi sai an tabbatar babu kowa a kan waya. Amma shekara goma sha tara ina cire shi da wuri, don kada in fita cikin sanyi a gaggauce, kuma ban taɓa ganin aibin haka ba. Na jefa kwaɗon a aljihu, na koma ciki na ɗora kofi.

Tasharmu tana kan dutse, a gefenmu na Bulgeriya. Daga nan layin yake haurawa ya faɗa Sabiya, tashar da Dragutin yake gadi. Sau biyu kacal na taɓa ganin fuskar mutumin nan, amma na fi sanin tarinsa da na matata.

Ranar tun safe aka kashe layin, mutanensa shida suka hau gyara. Shugabarsu 'yarsa ce, Nevena, wadda na sani tun tana ɗaukar tarho ta ce, "Kawu Kosta, Baba yana bayan gida." Manyan ƙasashen biyu kuwa sun riga sun ƙulla magana: da ƙarfe shida, lokacin da kowane gida ke kunna murhu da na'urar ɗumi, maƙwabta za su turo mana wutar da suka yi alkawarin ajiye mana. In ba ta iso ba, garuruwa uku na kwarinmu za su zauna a duhu.

Muna da al'ada. Duk mai hawa waya yakan rataye lambarsa ta tagulla a ƙusa a jikin allo, da sunansa a jiki, in ya sauko ya cire ta da hannunsa. Ni ba na iya ganin allon Dragutin daga wata ƙasa. Saboda haka yakan ajiye gwangwani kusa da tarho, ya riƙa jefa lambobin ɗaya bayan ɗaya, ina ji ina ƙirgawa. In sun cika, in ba da wuta. Tsofaffin ma'aikata suna cewa akwai aljanin da ke zaune a kan wannan layi, yana sauraron duk abin da ake faɗa. Ni dariya nake yi musu.

Shida saura minti ashirin, baƙin tarhon nan da ya haɗa tashoshin biyu ya yi ƙara.

"Maƙwabci," in ji muryar Dragutin. "An sauko."

Bai zagi kofina ba. Bai tambayi yadda 'yan ƙwallonmu suka sake shan kashi ba. Rediyonsa da kullum ke surutu a bayansa ma babu. Iska kawai nake ji, kamar yana tsaye a fili.

"Lafiya dai, tsoho?" na ce. "Yau babu tsiya?"

"Saurara."

Ƙwal. Ɗaya. Ƙwal. Biyu. Na bi su da yatsa a kan tebur har shida. Na buɗe baki zan ce madalla.

Ƙwal.

Na tsaya da yatsa a sama.

"Dragutin, shida ka ce mini da safe."

"Kowa ya cika. Ba da wuta."

"Faɗa mini sunayensu."

Sai numfashi, dogo, marar tari. Mutumin da ke shan taba tun kafin a haifi 'yarsa ba ya numfashi haka.

Tarhon babban ofis ya ɗauki ƙara. Tsvetana ce, mai rarraba wutar yankinmu, yarinya mai kirki amma ba ta da haƙuri ko na anini.

"Baba Kosta, saura minti goma sha biyar. Sun ba ka tabbaci?"

"Sun ba ni. Amma ban yarda ba."

"Wanne zan ɗauka? Don Allah kada ka sa ni furfura yau. Kowa ya shirya, su can sun tayar da injinansu, kai kaɗai ake jira."

"Lambobin sun yi yawa."

"Sun yi *yawa*? To ai ba su gaza ba! Giyar rakiya ka sha ne?"

Na ajiye mata tarho. Na nemi Dragutin a wayar hannu, ba ta shiga ba. Na sake nema. Dusar ƙanƙara ta rufe dutsen, babu sabis.

A nan na ji warin. Ƙauri ne, irin na jiƙaƙƙen ulu da ya faɗa wuta. Ba daga murhu yake ba. Daga kan baƙin tarhon yake fitowa, inda na yar da shi a tebur.

Wata 'yar murya ta fito daga ciki, siririya, ta yarinya 'yar shekara shida.

"Kawu Kosta. Muna jin sanyi. Kunna mana."

Nevena ce kaɗai ke kirana Kawu Kosta, kuma ta haura talatin.

Tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa sani ba. Na ce, "Ba zan kunna ba," amma da ƙyar ni kaina na ji abin da na faɗa.

Muryar ta yi 'yar dariya. Layin ya mutu.

Sai wani sauti daga waje. Ƙiiii. Ƙarfe yana gugar ƙarfe.

Na san wannan kukan. Hannun babban makunni ne.

Na taɓa aljihuna. Kwaɗon yana ciki.

Na fita da gudu, ko hula ban ɗauka ba. Sauran hasken yamma ja ne a bayan duwatsu. Babu sawun kowa a ƙanƙara sai nawa na ɗazu. Amma kewayen makunnin duk ta narke, ƙasa baƙa tana tururi.

Hannun ƙarfen yana tashi shi kaɗai. A hankali. Ya kai rabi.

In ya kai sama, mutum shida ne a kan wayar.

Na daka tsalle na rataya a jikinsa da dukan nauyina. Ya ɗaga ni, ƙafafuna suka bar ƙasa. Safar hannuna ta fara hayaƙi. Gurnanin taransifoma ya canja, ya koma kamar mutane da yawa suna nishi baki a rufe.

Wani abu ya tsaya a bayana. Na ji zafinsa a ƙeya.

"Kostadin," ya raɗa cikakken sunana. Muryata ce.

Ban waiga ba. Na tokare ƙafa a turke, na ja, na kira sunan Allah, na kira mahaifiyata da ta daɗe a ƙasa. Hannun ya sauko kaɗan. Ya ƙara. Ramukan biyu da ake zura kwaɗo suka haɗu.

Na zura kwaɗon. Ƙat.

Aka yi jifa da ni cikin ƙanƙara. Da na ɗaga kai babu komai, sai iska, sai fitilun kwari suna mutuwa gari bayan gari.

Ƙarfe bakwai da 'yan mintoci wayar hannuna ta yi ƙara. Tari na fara ji, na kuwa fashe da kuka kamar yaro.

"Maƙwabci!" in ji Dragutin. "Kana raye? Tun azahar ƙanƙara ta tsinke wayar baƙin tarho, na nemi hanyar da zan same ka na rasa. Aiki ya ja su, yanzun nan suka sauko. Ga Nevena nan tana ɗumama hannu. Da ka ba da wuta ƙarfe shida..." Bai ƙarasa ba.

"Lambobi nawa ne a gwangwaninka?"

"Shida mana. Me ya sa?"

Garuruwa uku sun yi awa ɗaya da rabi cikin duhu. Aka yi bincike, aka rubuta mini gargaɗi, na sa hannu. Nevena ta aiko mini da zuma. Tafukan hannuna sun warke, sai dai ba sa jin sanyi. Kwaɗo kuwa ba na cire shi sai na ji suna shida daga bakin masu su.

Abin da ban faɗa wa masu bincike ba shi ne wannan. Da na koma ciki a ranar, na ɗauki kofina, wani abu ya yi ƙwal a gindinsa. Lambar tagulla ce, da sauran zafi. Ta goge kamar an yi shekaru ana juya ta a hannu. Sunana ne a jiki, alhali ni ban taɓa hawa waya ba, ba a taɓa yi mini lamba ba.

Na rataye ta a allonmu. A ƙa'idarmu, muddin lambar mutum tana ƙusa, bai gama ba, kuma babu mai ikon cire ta sai shi. Kullum in na iso aiki ita nake fara dubawa.

Sau uku ke nan ina canja ƙusar. Duk wadda na buga, sai in tarar ta lanƙwashe ƙasa.