Hoton Appa a Bangon Mashaya

Wata Asabar da rana abokan aikin Vismaya suka ja ta kallon wasan kurket a wata mashayar masu hali da ke unguwar Indiranagar. Manyan talabijin ta ko'ina, kujerun tsohuwar silima, rediyoyin zamanin da jere a kan kanta. Tana hanyar banɗaki ta ga hoton. Samari goma sha ɗaya riƙe da sandunan wasan hoki, na uku daga hagu Appa ne, mahaifinta, yana wata dariya da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba.

Ta ce a kira mata mai wurin. Niranjan ya fito daga kicin, hannunsa duk ƙullu. Bai ɓoye mata ba, a wajen 'yan gwangwan ya saye shi, haɗe da wata tsohuwar fanka.

"Shekara tara ya yi wa jihar nan wasa," ta ce. "Ladan ke nan, ƙofar banɗaki."

Da kansa ya hau kujera ya sauke hoton. Ya kawo mata dosa, wata irin wainar shinkafa mai faɗi, da ya naɗe da naman rago da yajin mangwaro, ya ce ta ci ko don ta samu ƙarfin ci gaba da zaginsa. Ta yi dariya ba da son ranta ba.

Wata shida bayan nan, kullum sai saƙonsa ya riga shayinta na safe isowa. "Zinariyata, na gwada sabuwar miya. Idan ba ki ɗanɗana ba, ba za ta shiga jerin abinci ba. Ni ma haka nake, sai abin da kika ce."

Mahaifinta, Shivanna, ko zama bai ba Niranjan ba ranar da ya je gaisuwa. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai sayar da giya ba, wanda ke ƙawata bango da gumin mutanen da duniya ta manta. Mahaifiyarta, wadda take kira Amma, ta yi shiru, don ita ce ta fitar da hoton a cikin tarkace, ganin yadda yake hana mijinta sukuni.

Ana cikin haka Dhruv, abokin kasuwancin Niranjan, wanda shi ma ya taɓa neman Vismaya ta ƙi shi, ya sa wa wani gasasshen kifi suna "Gwarzon da Aka Manta", ya buga fuskar Shivanna a gefe, ya watsa a intanet. Tsofaffin abokan wasan dattijon suka yi ta kiransa suna tambaya ko da ƙashi ake cin sa. Kwana uku bai leƙa ƙofar gida ba.

Vismaya ta rubuta wa Niranjan: "Na ba ka labarin Appa ina kuka, ka mayar da shi talla. Kada ka sake nemana."

Niranjan bai yi doguwar rantsuwa ba. Ya buƙaci Dhruv ya cire, Dhruv ya ce kifin ya fi komai tafiya. A makon ya bar masa wurin da ya gina tun daga fentin bango, ya fita da wuƙaƙensa kawai, ya koma girki a kicin ɗin wani. Daga bakin wata mai kai abinci Vismaya ta ji gaskiya, cewa aikin Dhruv ne. Ta same shi yana yankan albasa, ta tsaya a bayansa hawaye na zubo mata.

"Albasa ce," ya ce yana share ido. "Ke fa, mene ne naki uzurin?"

Sai da Amma ta durƙusa ta faɗa wa mijinta cewa ita ce mafarin komai, sannan ya ce su yi abin da suka ga dama.

Aka yi bikin a ƙaramin zaure, Niranjan ne ya dafa abincin da hannunsa. Shivanna ya zo, ya watsa musu shinkafar albarka, ya dafa kan 'yarsa ya daɗe.

"Ku zauna lafiya," ya ce. "Ka riƙe ta da kyau."

Ango ya zuba masa abinci a ganyen ayaba da kansa. Dattijon ya dube shi, ya naɗe ganyen bai taɓa ko loma ba, ya nemi takalmansa. Vismaya ta riƙe hannun mijinta gam, suka raka shi har bakin titi.